Evangelista Torricelli

Evangelista Torricelli (15 ga Oktoba, 1608 – 25 ga Oktoba, 1647) masanin lissafi ne da kimiyyar fiziks, ɗan ƙasar Italiya. An fi saninsa da ƙirƙiro baromita, wato na'urar auna matsin iska, a birnin Florence tsakanin 1643 da 1644. Gwajin da ya tsara da bututun gilashi da zaiba ya nuna cewa iska tana da nauyi, kuma nauyin nan ne yake tura ruwa sama a cikin famfo. Ya kuma nuna cewa ana iya samar da gurbin da babu iska a cikinsa, abin da mabiya Aristotal suka shafe ƙarnuka suna musantawa. Shi ne ya gaji Galileo Galilei a matsayin masanin lissafi na fadar Tuskani. Ma'aunin matsi da ake kira torr daga sunansa aka samo shi, kuma daga gwajinsa ne al'adar auna matsi da milimita na zaiba ta samo asali, wadda har yau ake bi a asibitoci da wuraren aikin zuƙe iska.

## Haihuwa da karatun farko

An haifi Torricelli ranar 15 ga Oktoba, 1608. Tsofaffin littattafai sun ce a garin Faenza aka haife shi, amma binciken baya-bayan nan ya nuna a birnin Rum ne, kodayake asalin danginsa mutanen Faenza ne, garin da a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Fafaroma. Mahaifinsa, Gaspare, ma'aikacin saƙa ne mai ƙaramin ƙarfi. Da iyayen suka ga yaron yana da kaifin basira, sai suka tura shi Faenza wajen wani ɗan'uwansu mai suna Giacomo, wanda rahibi ne, domin ya kula da karatunsa. A 1624 ya shiga wata makarantar limaman Jesuit, inda ya karanta lissafi da falsafa har zuwa 1626. Kafin wannan lokaci mahaifinsa ya rasu.

Daga nan aka tura shi Rum wajen Benedetto Castelli, rahibi kuma malamin lissafi a jami'ar Sapienza. Castelli ɗalibin Galileo ne, kuma shi ne Fafaroma Urban na VIII yake tuntuɓa a kan ayyukan koguna da magudanan ruwa. Torricelli ya yi masa aikin magatakarda daga 1626 zuwa 1632, yana samun darasi a madadin lada. A wajensa ya koyi ilimin motsin ruwa, ya kuma karanta ayyukan tsofaffin masanan Girka irin su Arkimidis.

## Alaƙarsa da Galileo

A watan Satumba na 1632 Torricelli ya rubuta wa Galileo wasiƙa a madadin Castelli, wanda ba ya gari. A cikinta ya gabatar da kansa, ya bayyana cewa ya karanta sabon littafin Galileo a kan tsarin duniyoyi, kuma yana goyon bayan ra'ayin Copernicus na cewa ƙasa ce take kewaya rana. Bayan wata tara, a Yunin 1633, kotun cocin Katolika ta hukunta Galileo saboda wannan littafi, aka tsare shi a gidansa har ƙarshen rayuwarsa. Daga wannan lokaci Torricelli bai ƙara bayyana ra'ayinsa a kan taurari a fili ba, ya maida hankali ga lissafi da ilimin motsi.

A shekarun da suka biyo baya ya yi wa Giovanni Ciampoli aikin magatakarda. Ciampoli abokin Galileo ne da aka nisanta daga fadar Fafaroma, aka tura shi gwamnan wasu ƙananan garuruwa a tsakiyar Italiya. A wannan zaman Torricelli ya yi nazarin littafin Galileo na 1638 a kan motsi da ƙarfin kayan gini, ya rubuta nasa littafin da ya faɗaɗa bayanin faɗowar abubuwa masu nauyi da hanyar da abin da aka harba yake bi. A Afrilun 1641 Castelli ya kai wa Galileo wannan rubutu a Arcetri, kusa da Florence, ya kuma ba da shawarar a ɗauki marubucinsa mataimaki. Torricelli ya isa Arcetri a watan Oktoba. Ya tarar da Galileo ya tsufa kuma ya makance, tare da wani matashin ɗalibinsa, Vincenzo Viviani. Wata uku suka yi tare, yana rubuta abin da dattijon yake faɗa, har Galileo ya rasu ranar 8 ga Janairu, 1642.

Yana shirin komawa Rum sai mai mulkin Tuskani, Ferdinando na II na gidan Medici, ya naɗa shi masanin lissafi na fada a gurbin Galileo. Ya zauna a Florence har ƙarshen rayuwarsa, kuma kusan dukkan ayyukan da aka san shi da su a cikin waɗannan shekaru biyar da 'yan watanni suka fito ko suka kammala.

## Matsalar famfo

Masu haƙar rijiyoyi da ma'adinai na wancan zamani sun san cewa famfo mai zuƙa ba ya iya ɗaga ruwa fiye da kimanin mita 10, komai kyan ƙirarsa. Bayanin da ake koyarwa a makarantu ya samo asali ne daga Aristotal: halitta ba ta yarda da gurbin da ba komai, saboda haka da zarar an ja sandar famfo sai ruwa ya bi ta ya cike wurin. Wannan bayani bai faɗi dalilin da ya sa ruwan yake tsayawa a mita 10 ba.

A 1630 Giovanni Battista Baliani, wani masani a Genoa, ya rubuta wa Galileo cewa bututun da ya shimfiɗa don tsallakar da ruwa ta kan wani tudu mai tsayin kimanin mita 21 ya ƙi aiki. Galileo ya ɗauka cewa gurbin ne yake jan ruwan da wani ƙarfi mai iyaka, kuma idan ginshiƙin ruwa ya yi tsawo da yawa sai ya tsinke saboda nauyinsa, kamar igiya. Baliani kuwa ya zargi nauyin iska.

Tsakanin 1640 da 1643 Gasparo Berti ya yi gwaji a Rum. Ya kafa dogon bututun dalma a jikin bangon gidansa, ya cika shi da ruwa, ya rufe samansa, sannan ya buɗe ƙasansa a cikin wata randa mai ruwa. Ruwan ya sauko ya tsaya a kimanin mita 10, ya bar wani fili a sama. Waɗanda suka halarta sun yi ta gardama a kan abin da yake cikin filin. Ɗaya daga cikinsu, Raffaello Magiotti, abokin Torricelli ne.

## Gwajin zaiba

Torricelli ya yi tunanin cewa idan nauyin iskar waje ne yake riƙe da ruwan, to abin da ya fi ruwa nauyi zai tsaya a ƙasa da haka, daidai gwargwadon nauyinsa. Zaiba, wato ƙarfen nan mai kwarara da ake gani a tsofaffin ma'aunan zafin jiki, ta fi ruwa nauyi sau 13.6. Idan ruwa yana tsayawa a mita 10.3, zaiba za ta tsaya a kimanin santimita 76, kuma gwajin da a da sai an hau bene zai yiwu a kan tebur.

Viviani ne ya gudanar da gwajin da hannunsa bisa tsarin Torricelli. An ɗauki bututun gilashi mai tsawon fiye da mita ɗaya, rufaffe ta gefe guda, aka cika shi da zaiba, aka toshe bakin da yatsa, aka kifa shi a cikin kwano mai zaiba, sannan aka cire yatsan. Zaibar ta sauko ta tsaya a kimanin santimita 76 daga saman ta cikin kwanon, samanta kuma ya zama fili.

Abubuwa biyu aka ƙara don rufe ƙofar gardama. Na farko, an jera bututu biyu, ɗaya yana da babban kumburi kamar tulu a samansa, ɗaya kuma ba shi da shi. Da gurbin ne yake jan zaibar, da babban gurbi ya fi ja, amma zaibar ta tsaya a tsayi ɗaya a duka biyun. Na biyu, an zuba ruwa a kan zaibar da ke cikin kwano, aka ɗaga bututun a hankali har bakinsa ya iso ruwan. Nan take zaibar ta zubo, ruwa ya haura ya cika bututun har ƙarshe, abin da ya nuna babu iskar da ta tare wurin.

Torricelli ya bayyana sakamakon a wasiƙar da ya aika wa abokinsa Michelangelo Ricci a Rum ranar 11 ga Yuni, 1644. A cikinta ya kwatanta mutane da masu zama a ƙarƙashin wani teku na iska, ya ce nauyin wannan iska ne yake danna zaibar cikin kwano, ita kuma ta haura bututun da babu abin da yake danna ta daga sama, har nauyin biyu su daidaita. Ricci ya kawo hujjar cewa idan aka rufe kwanon ruf, ai nauyin iskar sama ba zai kai ga zaibar ba. A amsar da ya bayar a ƙarshen watan, Torricelli ya yi misali da ulu da aka danna a cikin ganga: ko an raba na ƙasa da na sama da faifan ƙarfe, na ƙasan yana nan a matse. Haka iskar da aka rufe a kwano take ci gaba da danna zaibar.

Ya kuma bayyana cewa babban burinsa shi ne na'urar da za ta nuna canjin iska daga rana zuwa rana, amma zafi da sanyi suna taɓa tsayin zaibar, suna rikita awon. Bai taɓa buga gwajin a littafi ba. Masana tarihi da dama suna danganta hakan da taka-tsantsan, ganin abin da ya sami Galileo da kuma adawar manyan malaman coci da batun gurbi marar komai.

## Yaɗuwar labarin

Labarin ya isa Faransa ta hannun Marin Mersenne, wanda ya ga kwafin wasiƙun, ya kuma ziyarci Torricelli a Florence. A 1646 Pierre Petit da Blaise Pascal suka maimaita gwajin a garin Rouen. Pascal ya lura cewa idan nauyin iska ne sanadi, to a kan dutse, inda iskar da ke sama da mutum ta ragu, dole zaiba ta sauka. Ranar 19 ga Satumba, 1648, mijin 'yar'uwarsa, Florin Périer, ya hau dutsen Puy de Dôme da bututu, ya bar wani a gindin dutsen a garin Clermont ana lura da shi. Na ƙasan bai motsa ba, na saman kuwa ya sauka da kimanin santimita 8 da rabi. Wannan tabbaci ya zo ne kusan shekara guda bayan rasuwar Torricelli.

A Jamus Otto von Guericke ya ƙera famfon zuƙe iska wajen 1650, a Ingila kuma Robert Boyle da Robert Hooke suka inganta shi. A 1662 Boyle ya buga dokar da ta danganta matsin iska da girman wurin da take ciki, kuma da tsayin zaiba ya yi awonsa.

## Ayyukansa na lissafi

Littafi ɗaya Torricelli ya buga yana raye, *Opera geometrica*, a Florence a 1644. A cikinsa ya yi amfani da dabarar Bonaventura Cavalieri ta yanka siffa zuwa siraran yanki marasa adadi a tattara su, dabarar da ta share fage ga lissafin kalkulas na Newton da Leibniz.

Sakamakon da ya fi girgiza masana shi ne wata siffa mai kama da kakaki, wadda take ƙara sirancewa ba tare da ta ƙare ba. Torricelli ya tabbatar da cewa tsawonta ba shi da iyaka, amma abin da cikinta zai ɗauka yana da iyaka. Ana kiranta kakakin Torricelli. Ya kuma nuna cewa idan aka gangara da'ira a kan miƙaƙƙen layi har ta yi juyi ɗaya, filin da ke ƙarƙashin bakan da ɗigo ɗaya na gefenta ya zana ya ninka filin da'irar sau uku cif. Gilles de Roberval na Faransa ya riga shi gano wannan amma bai buga ba, kuma aka yi doguwar taƙaddama tsakaninsu a kan wanda ya fara.

Pierre de Fermat ya jefa tambaya: idan aka ba da ɗigo uku, ina ne wurin da jimillar nisansa zuwa ukun ta fi gajarta? Torricelli ya warware ta. A yawancin alwatika, wurin shi ne inda layukan da suka fito daga kusurwoyi uku suke haɗuwa da digiri 120 tsakanin kowane biyu. Wannan ita ce matsalar wanda yake son haƙa rijiya ɗaya don ƙauyuka uku da mafi ƙarancin bututu.

## Dokar Torricelli da sauran bincike

A fannin ruwa, Torricelli ya gano cewa ruwan da ke fita ta huda a jikin tanki yana fita da gudun da abu zai samu idan ya faɗo daga saman ruwan zuwa hudar. Idan hudar tana mita 1.25 ƙasa da saman ruwa, gudun kimanin mita 5 ne a daƙiƙa. Idan tana mita 5 ƙasa, kimanin mita 10 ne. Wato sai an ninka zurfi sau huɗu kafin gudu ya ninka sau biyu. Ana kiran wannan dokar Torricelli.

Ya ƙware wajen goge gilasan na'urar hangen nesa, har ana neman nasa daga wurare masu nisa, kuma akwai wanda ya rage a gidan tarihin Galileo da ke Florence. Yana kuma narka gilashi ya yi ƙananan ƙwallaye da ake duba ƙananan halittu da su. A laccocin da ya gabatar a Florence ya bayyana cewa bambancin zafi da nauyin iska tsakanin yankuna biyu ne yake haddasa kaɗawar iska. An buga laccocin a 1715.

## Rasuwa

A watan Oktoba na 1647 zazzaɓi ya kama shi, wanda ake kyautata zaton taifot ne. Ya rasu a Florence ranar 25 ga watan, kwana goma bayan ya cika shekara 39, aka binne shi a cocin San Lorenzo. Ya damƙa rubuce-rubucensa ga abokinsa Lodovico Serenai da wasiyyar Cavalieri da Ricci su buga su. Cavalieri ya rasu bayan wata guda, aikin kuma ya tsaya. Sai a 1919 aka fara buga cikakkun ayyukansa a Faenza, kundin ƙarshe ya fito a 1944.

## Ma'aunin torr da dangoginsa

Saboda baromita ita ce na'urar farko, tsayin zaiba ya zama ma'aunin matsi, kuma shi ya sa ake faɗin matsi da milimita ko inci alhali matsi ƙarfi ne da ke danna fili. Sai dai nauyin milimita ɗaya na zaiba yana ɗan canzawa da zafi da kuma wurin da aka yi awon. A 1954 babban taron ƙasashe kan awo ya tsayar da ma'aunin atmosfiya a kan adadin da yau ake rubutawa paskal 101,325, a 1971 kuma aka amince da sunan paskal, don tunawa da Blaise Pascal, a tsarin awo na duniya. Torr shi ne kashi ɗaya cikin 760 na atmosfiya. Bambancinsa da milimita na zaiba bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba, don haka a aikin yau da kullum ɗaya ake ɗaukarsu.

- Atmosfiya 1 = torr 760 = paskal 101,325 = miliba 1,013.25 = inci 29.92 na zaiba
- Torr 1 = paskal 133.32 = miliba 1.333
- Kilopaskal 1 = torr 7.5
- Miliba 1 = paskal 100 = hektopaskal 1 = torr 0.75
- Bar 1 = paskal 100,000 = torr 750
- Inci 1 na zaiba = torr 25.4 = paskal 3,386
- Maikiron 1 = kashi ɗaya cikin 1,000 na torr = paskal 0.133
- Psi 1 = torr 51.7 = kilopaskal 6.89

Don juya torr zuwa paskal, ana ninkawa da 133.32, don komawa, ana rabawa da shi. Awon jini na 120 bisa 80, wanda milimita na zaiba ne, ya zama kilopaskal 16 bisa 10.7. Matsin kilopaskal 30 kuma torr 225 ne.

Inda aka fi yin kuskure shi ne mafarin ƙirga. Torr da maikiron yawanci daga gurbi marar iska suke farawa, don haka ƙaramin adadi yana nufin an zuƙe iska sosai. Agogon awo mai allura da masu gyaran firji suke amfani da shi kuwa daga matsin iskar waje yake farawa ya yi ƙasa, don haka babban adadi ne yake nufin an zuƙe sosai. Idan agogon ya nuna inci 25 a bakin teku, abin da ya rage a ciki shi ne 29.92 a debe 25, wato inci 4.92, ko torr 125, ko kilopaskal 16.7. Haka ma'aunin mai faci yake: psi 32 na taya, wato kimanin bar 2.2, ƙari ne a kan matsin iskar waje. Ma'aunin jini shi ma daga matsin waje yake farawa.

Wannan bambanci yana da tasiri a aiki. Kafin a zuba gas a firji ko na'urar sanyaya ɗaki, ana zuƙe iskar ciki domin danshi ya tafasa ya fita, domin danshin da ya rage yana iya daskarewa ya toshe siririn bututu ko ya lalata man inji. A zafin digiri 25 ruwa ba ya tafasa sai matsi ya sauka zuwa kimanin torr 24, kuma masu ƙera na'urorin sukan buƙaci a kai maikiron 500, wato rabin torr, ko paskal 67. A agogo mai allura wannan inci 0.02 ne kacal kafin ƙarshen ma'auni, abin da ido ba zai iya rarrabewa ba, shi ya sa ake amfani da ma'aunin maikiron na lantarki. Gurbin da ke saman bututun Torricelli kansa yana ɗauke da tururin zaiba mai matsin maikiron ɗaya zuwa biyu a zafin ɗaki.

## Tasirinsa a rayuwar yau

Iskar da ke bisa kowane murabba'in santimita a bakin teku tana da nauyin kimanin kilo ɗaya, wato kusan tan 10 a kan murabba'in mita. Wannan nauyi ne yake aiki idan wanzami ya zuƙe iskar cikin ƙaho ya toshe hudar: matsin ciki ya ragu, na waje ya manne ƙahon a jiki. Shi ne kuma yake cika sirinji idan an ja sandarta.

Manoman rani a gaɓar tafkin Kainji, a ƙasashen Yawuri da Ngaski da Shanga, suna cin karo da iyakar da ta dami mutanen Florence. Tafkin, wanda ya samu bayan kammala madatsar Kainji a kan kogin Kwara a 1968, yana ja da baya sosai a wasu watanni na shekara. Injin ban ruwa yana rage iskar cikin tiyo ne, matsin da ke kan tafkin kuma ya tura ruwan sama. Iyakar lissafi kimanin mita 10 ce a tsaye daga saman ruwa zuwa injin, a aikace kuwa mita 7 zuwa 8, saboda gogayyar ruwa da tiyo da 'yar iskar da take kutsawa ta mahaɗa. Ƙarin girman inji ba ya ɗaga wannan iyaka. Mafita ita ce a sauko da injin kusa da ruwa ya tura daga can, domin turawa ba ta da irin wannan iyaka. Dalilin ke nan da ya sa a rijiyar burtsatse mai zurfi ake zura injin har cikin ruwan.

Tsayin wuri ma yana shiga lissafi, kamar yadda gwajin Puy de Dôme ya nuna. A gaɓar Kainji, mai tsayin kimanin mita 140 daga teku, baromita takan tsaya kusa da torr 747. A Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, takan tsaya wajen torr 660, don haka agogon mai gyaran firji ba zai wuce kimanin inci 26 ba ko da an zuƙe iskar tas, kuma iyakar famfo mai zuƙa tana sauka zuwa kimanin mita 9.

A fannin lafiya, Jean Poiseuille ya auna matsin jini da bututun zaiba a 1828, Scipione Riva-Rocci kuma ya fito da ma'aunin da ake ɗaurawa a damtse a 1896. Zaiba guba ce, kuma yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta tanadi a daina ƙera yawancin na'urorin awo masu ɗauke da ita. Duk da haka na'urorin lantarki da suka maye gurbinsu suna nuna sakamako da milimita na zaiba. Masu hasashen yanayi sun koma hektopaskal, jiragen sama kuma a Amurka suna saita ma'aunin tsayinsu da inci na zaiba.

## Tunawa da shi

Ban da ma'aunin torr, akwai wani rami a kan wata da wani ƙaramin dutsen sararin samaniya mai lamba 7437 da suke ɗauke da sunansa. Rundunar sojin ruwan Italiya ta sa wa jiragen ƙarƙashin teku da dama sunansa. A Faenza akwai mutum-mutuminsa, kuma a 1908 garin ya shirya babban baje koli don cikar shekara 300 da haihuwarsa, wanda daga gare shi ne aka kafa gidan tarihin kayan tangaran na garin.